Ciwon Sukarin Da Ya Zo Da Furfura

Duk wanda ya bi hanyar Daura daga Kano da damina, ko ya ɗauki ta Katsina ya ratsa Dawanau ya nufi Bichi, zai ga ƙasa wadda ba a bar ko taku ɗaya nata a banza ba. Gona na jingine da gona, gero da dawa da wake a kunya ɗaya, ga ɗorawa da kuka da gawo tsaitsaye a tsakani, ƙauyuka kuwa kusa-kusa har ana jin kiran sallar wani daga wani. Wannan ita ce ƙasar da Baturen nan masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya fara nazarinta tun cikin shekarun 1960, ya nuna wa duniya yadda manomanta ke ci da jama'a mai yawa daga 'yar ƙasa kaɗan, da taki da jaki da fartanya. Yaran da ke kora jakunan taki a wancan zamani, su ne dattawan Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa da Minjibir na yau. A cikinsu ne kuma yanzu ake ta samun wani ciwo da iyayensu suka ɗauka na attajiran birni ne da manyan ma'aikatan gwamnati, watau ciwon sukari.

Ran da malamin asibiti ya ce an ga sukari a jinin dattijo, tambayar da iyalinsa kan yi guda ce: shin wannan ciwo shi ne ajalinsa? Rai dai a hannun Allah yake. Amma likitoci sun daɗe suna bin diddigin wannan tambaya, kuma abin da suka samu a ƙasashen Turai da abin da ake gani a karkarar Kano sun sha bamban ƙwarai. Dalilin wannan bambanci shi ne abin da ya kamata kowane mai tsoho a gida ya sani.

Da farko dai, mene ne ciwon? Abincin da mutum ya ci, tuwo ne ko fura ko rogo, ciki kan narkar da shi ya zama sukari ya shiga jini. Akwai wata 'yar tsoka kwance a bayan tumbi wadda likitoci ke kira fankiriyas, ita ce ke fitar da wani ruwa mai suna insulin, aikinsa kuwa shi ne ya buɗe wa sukarin nan ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. In insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai sukari ya taru cikin jini yana cin hanyoyin jini da jijiyoyi a hankali, kamar yadda gara ke cin rumbu daga ƙasa alhali daga waje ana ganinsa tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in aka gwada jinin mutum da safe kafin ya karya kumallo, ma'auni ya kai 126, ko kuwa 7 a ɗaya lissafin, aka kuma sake gwadawa aka tabbatar, to yana da ciwon.

Cikin 1992 Gwamnatin Tarayya ta sa an yi wani babban bincike a faɗin ƙasar nan a ƙarƙashin Farfesa Oladipo Akinkugbe, aka sami kashi 2.2 cikin ɗari na manya suna da ciwon sukari. Cikin 2018 sai Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a sassa daban-daban, suka sami abin ya kusa kashi 6 cikin ɗari a ƙasa baki ɗaya, da wajen kashi 3 a Arewa maso Yamma. A Sakkwato an gwada Fulanin ƙauye da Fulanin birni, na ƙauye ba su kai kashi 1 ba, na birni suka haura kashi 4. Ke nan karkara na da sauran sauƙi, amma sauƙin yana ta raguwa. Babur ya karɓe aikin ƙafa, injin niƙa ya karɓe aikin turmi da dutse, taliya da burodi da shayi mai kauri da lemon kwalba sun shiga kowace kasuwar ƙauye. Sai dai kada a ruɗu cewa ciwon na masu teɓa ne kaɗai. Da yawa daga cikin dattawan ƙauye masu sukari siraran mutane ne da ba su taɓa ajiye tumbi ba.

ABIN DA AKA GANI A TURAI

Cikin 2019 Farfesa Naveed Sattar na Jami'ar Gilasgo da wasu likitocin ƙasar Suwidin suka buga sakamakon nazarin da suka yi a kan rajistar masu ciwon sukari ta ƙasar, mutum fiye da dubu ɗari uku. Suka ga cewa wanda ciwon ya kama kafin ya cika arba'in shi ne ke cikin babban haɗari, haɗarin kuma yana raguwa gwargwadon yadda ciwon ya yi jinkirin zuwa. Waɗanda aka gano nasu bayan sun wuce tamanin kuwa, tsawon kwanansu bai bambanta da na sa'o'insu marasa ciwon ba. Cikin 2023 wani ayarin masana a ƙarƙashin jagorancin Jami'ar Kambirij ya duba bayanan mutum miliyan ɗaya da rabi daga ƙasashe 19 masu arziki. Da suka yi lissafi da alƙaluman Amurka, sai suka ga wanda aka gano ciwonsa yana ɗan shekara 30 kan riga sa'o'insa rasuwa da wajen shekara 14, na shekara 40 da wajen 10, na shekara 50 da wajen 6.

Hikimar abin ba ta da wuyar ganewa. Ɓarnar sukari a ido da ƙoda da zuciya ba ta kwana ɗaya ba ce, takan ɗauki shekara goma, sha biyar, ashirin. Wanda ya kamu yana ɗan saba'in, ciwon bai sami isasshen lokacin da zai gama ɓarnarsa ba.

Wannan albishir ne, amma fa na mutanen Suwidin. A can kusan kowane tsoho ana gwada jininsa a kai a kai, saboda haka ranar da aka gano ciwon ba ta da nisa da ranar da ya fara. Duk da haka, wani bincike da aka buga cikin 1992 ya nuna cewa ko a Amurka da Ostareliya ciwon kan yi shekara huɗu zuwa bakwai a ɓoye kafin a gano shi. To, ina ga mutumin da bai taɓa miƙa yatsa an tsaga ba tun da uwarsa ta haife shi? Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta cikin 2021 cewa manya miliyan 24 ke da ciwon a Afirka, miliyan 3.6 daga cikinsu a Nijeriya, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su san suna ɗauke da shi ba. Dattijon da aka rubuta a katinsa cewa an gano sukarinsa yana da shekara sittin da takwas, mai yiwuwa tun yana hamsin da 'yan kai yake yawo da shi. Su kansu shekarun ma kintace ne, domin mutanen ƙauye da abin da ya faru suke lissafi: wannan ya ce ya yi wayo lokacin da aka naɗa Sarki Ado cikin 1963, wancan ya ce shekarar farin 1973 aka yi masa auren fari. Abin da takarda ta kira ciwon da ya zo da tsufa, sau da yawa a nan ciwo ne da aka makara da gani.

Tsufa kansa yana taya ciwon ɓuya. Ƙishirwar da kan fallasa shi a jikin saurayi takan dushe a jikin tsoho. Tashin fitsari da dare sai a ce sanyi ne, rama a ce shekaru ne, gajiya a ce ai dama ƙarfi ya ƙare. Alamar nan da kowa ya sani, ta kiyashi su taru a wurin da aka yi fitsari, ita ma ba abin dogaro ba ce, gama ƙodar tsoho kan riƙe sukari har ya yi yawa ainun kafin ta sake shi cikin fitsari. Shi ya sa galibi a kan hanyar wani abu dabam ake tuntuɓe da ciwon: an je aikin yanar ido na kyauta an gwada jini kafin a sa wuƙa, ko an je gwajin maniyyata aikin Hajji, ko kuwa wani ƙurji ya ƙi warkewa.

ƘAFA

Babu inda ciwon sukari ke yi wa manomi mummunan kamu kamar a ƙafa. Sukarin da ya daɗe cikin jini kan kashe jijiyoyin ji, ya fara daga 'yan yatsu ya hau sama. Da fari mutum kan ji zafi-zafi ko tafiyar kiyashi a tafin ƙafa da dare, daga baya sai ƙafar ta yi dundum kamar ba tasa ba. Manomi kuwa ƙafarsa kullum a ƙasa take. Da damina yakan tuɓe takalmi ya shiga kunya, ƙaya ta soke shi, ko ya taka kututturen kara, ko fartanya ta ɗan shafe shi, bai ji ba. Da hunturu faso kan tsattsage dunduniya, ya kuma miƙe ƙafa gaban wuta yana jin ɗumi har ta ƙone bai sani ba. Ciwon da zai warke cikin mako guda a jikin wani, a jikinsa sai ya ruɓa, domin jini ba ya isa wurin sosai, ƙwayoyin cuta kuma sun sami zaƙi.

Daga nan sai a shiga abin da aka saba. A kai wa wanzami ya tsaga ko ya yi sakiya, a barbaɗa gari, a ɗaure da tsumma. In ƙafa ta yi baƙi ta fara wari sai a ce daji ne, wasu su ce an taka sammu. Kafin a yarda a ɗauki mota zuwa Babban Asibitin Dambatta ko na Bichi, daga can a ce sai Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, wata guda ko biyu sun wuce. Tsoron da ke hana zuwa shi ne kada a yanke ƙafar, jinkirin da tsoron ya haifar kuwa shi ne ke sa a yanke ta.

Alƙaluma sun tabbatar da haka. Tsakanin 2016 da 2017 likitocin manyan asibitoci shida na ƙasar nan, har da na Kano da na Zariya, suka bi diddigin mutum 336 da aka kwantar da gyambon ƙafa na ciwon sukari. Galibinsu sun zo ne gyambon ya riga ya yi zurfi. Fiye da kashi ɗaya cikin uku sai da aka yanke musu wani sashe na ƙafa, mutum ɗaya cikin kowane biyar kuma bai fita asibitin da rai ba. Waɗannan fa su ne suka sami halin isa babban asibiti.

Abu na biyu shi ne bazara. Cikin watan Afrilu zafin Kano kan kusanci awo 40. Tsohon da sukarinsa ya hau yana ta zubar da ruwa cikin fitsari, ba ya kuma jin ƙishirwar da za ta sa ya mayar. In zazzaɓin cizon sauro ko gudawa ko ciwon haƙarƙari suka haɗu da wannan, jini sai ya yi kauri, mutum ya fara magagi, ya yi ta barci, daga nan ya suma. Kwanaki abin ke ɗauka yana taruwa, iyali suna cewa jiki ne ya yi nauyi. Ko a asibitocin Turai wannan irin suma kan kashe mutum ɗaya ko biyu cikin goma, maganinsa na farko kuwa ba wani abu ba ne illa ƙarin ruwa da insulin a kan lokaci.

IN MAGANI YA FI CIWO

Akwai kuma haɗarin da ba a cika zancensa ba, domin daga wajen masu son taimako yake fitowa. An daɗe ana ganin cewa iyakar sauko da sukari iyakar lafiya. Sai cikin 2008 likitocin Amurka da Kanada suka tsai da wani sashe na babban gwajin da suke yi a kan mutum fiye da dubu goma, galibi masu shekara sittin da wani abu, saboda sun ga waɗanda aka matsa wa magani don sukarinsu ya koma daidai da na mai lafiya sun fi mutuwa a kan waɗanda aka bi da su a hankali. Tun daga lokacin aka sassauta ma'aunin da ake nema ga tsofaffi, musamman masu rauni.

Ƙwayar da aka fi sani a kemis-kemis na ƙasar nan ita ce gilibenkilamaid, wadda jama'a suka fi kira da sunan Daonil. Tana da araha, tana da ƙarfi, tana kuma daɗewa cikin jiki, balle in ƙoda ta fara gajiya. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rubuta cikin jerin magungunanta cewa ba ta dace da wanda ya haura shekara 60 ba, ta sa gilikilazaid a gurbinta. Amma a dubi yadda ranar manomi take. Ya haɗiyi ƙwaya da asuba da ɗan guntun koko, ya saɓa fartanya, fura ba za ta iso gona ba sai rana ta take tsaka. Magani na jan sukari ƙasa, noma na jan shi ƙasa, ciki kuma babu kome. Sai gumi ya keto, hannu ya kama makyarkyata, idanu su yi duhu, ya fara surutai marasa kan gado. Masu gani su ce iska ce ta buge shi, ko ruɗin tsufa, ko shanyewar ɓarin jiki. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure rashin sukari na dogon lokaci.

Maganin wannan yana cikin kowane kanti: cokalin shayi uku ko huɗu na sukari a ruwa, ko zuma, ko 'yan dabino, muddin yana iya haɗiya. In ya riga ya suma kada a ɗura masa kome, a kwantar da shi a gefe guda a nemi asibiti. Abin takaici, a gidan mai ciwon sukari ne aka fi tsananta hana sukari, har 'ya'ya su ga ba shi ruwan zaƙi daidai yake da ba shi guba.

Hanin abinci ma yana da nasa ta'adi. A kan ce wa dattijo ya bar tuwo, ya bar fura, ya bar shinkafa, sai acca da alkama da wake. Acca daga wajen Filato ake kawo ta, kuɗinta ya fi ƙarfin mai rumbu ɗaya, alkamar da aka niƙe ta yi laushi kuwa ba ta fi dawa da geron gonarsa da kome ba. Mutumin da ya shekara saba'in yana cin tuwon dawa, in aka raba shi da shi, sai ya daina cin abinci gaba ɗaya, ya rame, ƙarfi ya tafi, ga ƙwaya na ta aiki. Abin da likitoci ke nema shi ne a rage malmala, a ƙara miyar ganye da wake da zogale, a bar zuba sukari cikin koko da fura da shayi, a kuma ci a kan lokaci. Jiƙe-jiƙen shuwaka da garafuni da maɗaci da ake haɗawa da maganin asibiti, ba wanda ya san awonsu, ya kamata a gaya wa likita ana shan su.

Azumi ma ya shiga nan. Daga 2019 zuwa 2024 watan Ramalana ya faɗo ne tsakanin Maris da farkon Yuni, watau tsakiyar zafi. Ƙa'idojin da likitoci suka tsara tare da shawarar malamai cikin 2016, aka sabunta cikin 2021, sun sa tsoho mai rauni, da mai ciwon ƙoda, da wanda sukarinsa ya taɓa faɗuwa har ya suma kwanan baya, cikin waɗanda azumi ke da babban haɗari gare su. Shari'a ta yi wa marar lafiya da tsohon da ba ya iyawa rangwame. Sai dai dattijon da bai taɓa shan azumi ba tun balagarsa, ba ɗansa ne zai iya gaya masa ya sha ba. Wannan magana ce ta limamin garinsu.

Na ƙarshe shi ne hawan jini, abokin tafiyar sukari. Babban binciken da aka yi a Ingila aka buga cikin 1998 ya nuna cewa kula da hawan jini sosai ga masu ciwon sukari ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 44 cikin ɗari, ya rage mace-macen da suka danganci ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ga ɗan saba'in, amfanin ƙwayar hawan jini ya fi saurin bayyana a kan na matse sukari. Tarin fuka ma ya fi kama mai sukari har wajen ninki uku. Wanda kuma sukari ya zo masa farat ɗaya bayan hamsin tare da rama mai tsanani da ciwon ciki, ya kamata a duba shi da kyau, don a wasu 'yan kaɗan alamar ciwon daji ce a fankiriyas.

Duk wannan sai da kuɗi da kusanci. Tun da aka janye tallafin mai aka kuma saki darajar naira cikin 2023, kuɗin mota da na magani suka yi tashin gwauron zabo, insulin kuwa daga waje ake shigo da shi. Mai gona kan sayi magani bayan kaka lokacin da akwai abin sayarwa, ya ɗauke ƙafa cikin Yuli da Agusta sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Jihar Kano ta kafa hukumar taimakekeniyar lafiya da dokar 2016, akwai kuma asusun kula da lafiya a matakin farko wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanada. Awon amfaninsu ga wannan al'amari ɗaya ne: in dattijo ya je ɗakin shan magani na mazaɓarsu ranar kasuwa, zai tarar da tsinken gwajin sukari, da na'urar awon jini, da metfomin a kan kanta? Rashin wutar lantarki dai ya daina zama hujjar hana ɗan ƙauye insulin. Cikin 2021 Jami'ar Janeba da ƙungiyar likitocin nan Na-gari Na-kowa suka nuna cewa kwalbar da aka buɗe kan yi mako huɗu da ƙarfinta a zafin da ke kai da kawowa tsakanin awo 25 da 37, kamar yadda suka auna a wani sansanin 'yan gudun hijira a Kenya. Tukunyar ƙasa a cikin jiƙaƙƙen yashi, a inuwa, takan taimaka in zafi ya wuce haka.

Saura wanda ake koya wa. A asibiti dattijo ne ke shiga wurin likita, wani lokaci da babban ɗansa da ya zo daga birni ya biya kuɗi ya koma. Amma mai dafa abincin matarsa ce ko surukarsa, mai kai masa fura gona jikansa ne, shi ne kuma zai fara ganinsa in gumi ya keto masa a bakin kunya. Su ne ya kamata su san ƙwayar safe da ta dare, su san alamar faɗuwar sukari, su riƙa sa masa 'yan dabino a aljihu. Tsohon da idonsa ya yi yana, bayansa kuma ba ya lanƙwasuwa, ba zai iya ganin tafin ƙafarsa ba. Sai wani ya durƙusa kowace yamma bayan alwalar magariba ya duba masa dunduniya da tsakanin 'yan yatsu, ya shafa mai a faso, ya kuma zazzage takalmin kafin ya sa.